Baƙuncin Citta

Da ƙarfe tara da minti ashirin na safe al'amarin ya fara lalacewa, wata Asabar a farkon damina. Na san lokacin ne saboda da hannuna na rubuta shi a saman shafi, kamar yadda nake rubuta komai a shekarun nan: an shuka gutsuren citta ashirin da huɗu, layi biyu, taƙi ɗaya tsakanin kowanne. Babu abin da ido zai gani ya ce ga ɓarna. Ƙasa tana da sauran laimar ruwan shekaranjiya, gajimare bai gama tashi daga kan dutsen da ke bayan gona ba, kakata tana can gangare tana baza busasshiyar ciyawa a kan tata shukar. Na tura gutsure na ƙarshe, na rufe shi, na goge hannu a zanena, na duba agogo. Har daɗi na ji, don layukan sun miƙe sosai.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a kwaleji a Gidan Waya, ina karanta ilimin halittu. Ni ce irin ɗalibar da ke zama a benci na uku kusa da taga, wadda kowa ke aron littafinta in jarrabawa ta matso, amma ba kowa ya san muryarta ba. In malami ya yi tambaya, sau da yawa na san amsar, sai dai kafin in gama tsara ta a raina wani ya riga ya faɗi rabinta, an wuce.

Tambaya ɗaya ce ban taɓa iya tsara amsarta ba: "Ke 'yar ina ce?" A Kafanchan aka haife ni. Kakana na wajen uba daga gabas ya zo, aikin reluwe ya kawo shi, a kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa ya zauna har ya mutu. Mahaifiyata 'yar Fadan Kagoma ce. In mun je garin su Baba da Kirsimeti, 'yar Hausa suke ce mini. A Kagoma kuwa 'yar Ibo ce ni. 'Yan kasuwa in sun ji sunana sai su juya mini Turanci, ko da na gaishe su da Hausar da nake mafarki da ita. Yaren Baba ina ji ba na mayarwa, na Mama ma haka.

Shi ya sa da na ci karo da wasu littattafai a laburaren kwaleji, can layin da ba mai zuwa, na manne musu. Abin da na fahimta a cikinsu shi ne, mutum ba ya zuwa duniya da takardar da ta ce ga ko wane ne shi. Abin da ya zaɓa ya aikata, shi ne shi. Wannan ya kwanta mini ƙwarai. Na ce ashe ba dole sai na zama 'yar wani wuri ba, zan iya zama 'yar aikina. Na kwafe shafuka da yawa da kyakkyawan rubutu. Ban taɓa tunanin ranar da aikin nawa zai zama abin kunya ba.

A wannan zangon ne kuma malaminmu ya jefa wata magana a aji, a kan hanyarsa ta zuwa wata. Ya ce citta ba a shuka ta da ƙwaya kamar masara ko dawa. Gutsuren jikinta ake ɓallewa a binne, ya tsiro. Saboda haka wadda aka haƙa bana ba 'yar ta bara ba ce, ita ce ta baran da kanta, ta ci gaba da rayuwa. Ya ce gona guda tana iya zama rai ɗaya tal. Sauran ɗalibai suka rubuta suka jira na gaba. Ni kuwa biro ya tsaya a hannuna, don na tuna da cittar Kaka.

Kaka, uwar mahaifiyata, gajeriya ce mai faɗin tafin hannu, ba ta sa takalmi a gona. Cittarta tana da labari. Ranar da aka kawo ta gidan miji, uwarta ta sa mata ita a ƙasan kwando, ƙarƙashin ƙore da tukunya. Ita ma uwar daga tata uwar ta samu. Ba tafin giwa ba ce, mai faɗin nan da ake so a kasuwa, ba kuma yatsun biri ba. Tana tsakani, ƙarama, in ka ɓalle ta hawaye yana riga ƙamshin isowa. In maganar malam gaskiya ce, to abin da ke cikin gonar Kaka ya girme ta, ya girmi majami'ar garin, wataƙila ya girmi layin dogo. Rai ɗaya ne da ya bi mata huɗu ko biyar daga gida zuwa gida.

Tana da dokoki a kanta. Ba ta yanka iri da wuƙa. Da hannu take ɓallewa a gaɓa, inda cittar da kanta ta yarda ta rabu, ta juya gutsuren cikin toka, ta bar shi a inuwa kwana biyu. In ta shiga gonar wani, sai ta wanke ƙafa a rafi kafin ta taka tata. Babbar dokar ita ce ta baƙunci. Duk cittar da ta zo daga waje, ko fasto ne ya kawo, ba ta shiga gona. A bayan gida ake shuka ta, kusa da turken awaki, ta yi damina guda ana kallon halinta.

Na taɓa tambayarta dalili ina ƙarama.

"Ban san inda ya kwana ba," in ji ta. "Bari ya zauna can in ji ko yana tari."

Hausar Kaka ba ta raba mace da namiji. Kowa "kai" ne a bakinta, komai "shi" ne, har akuya mai ciki. Haka na tashi ina jin ta, haka kuma zan rubuta ta a nan.

Akwai wani Alhaji a kasuwar Kafanchan, dillalin citta, wanda tun yana saurayi a shagon mahaifinsa yake karɓar tata. Ba ya zuba ta cikin manyan buhunan da ake lodawa a mota. Gefe yake ajiye ta saboda masu shayi da masu haɗa magani. In muka kai masa, kafin a kwance bakin buhu yake farawa.

"Mama, tun kina tasha na ji ƙamshin. Wannan ai ba a haɗa ta da ta kowa."

"Kai dai bakinka zuma ne. Ubanka ma haka ya yi ta ruɗina har ya tsufa."

"To ai gado na yi, Mama."

Da lokacin aikin bincike na ƙarshen shekara ya zo, ban sha wahalar zaɓe ba. Zan shuka cittar Kaka da ta kasuwa gefe da gefe, a ƙasa ɗaya, in auna su duk mako in ga bambancinsu. A raina ina so ne in nuna a rubuce cewa tata daban ce. Na je na roƙe ta ɗan wuri. Ta ba ni saman gona, gindin itacen atili, inda ƙasar ta fi kwanciya kuma kusa da hanya.

Na ce mata cittarta zan gwada. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Sauran rabin yana cikin jakata: tafin giwa masu ƙiba da na saya jiya a bakin kasuwa, wurin wani mutum da ban sani ba, wanda aka sauke wa kaya daga mota. Na san in na faɗa za ta tura su bayan gida, in kuwa ƙasa ba ɗaya ba ce gwajin ya tashi a banza. Na kuma san ba zan iya yi mata gardama ba. Yin shiru ya fi mini sauƙi, kamar kullum.

Ban tsaya nan ba. Ina son kowane gutsure ya zama nauyi ɗaya da ɗan'uwansa, kuma hannu ba ya ɓalle abu daidai. Sai na ari ƙaramin sikeli, na zauna a ɗakina na makaranta na yanka su da wuƙa, ɗaya na kasuwa, ɗaya na Kaka, ina ragewa ina aunawa. Wuƙa ɗaya. Ban sa toka ba, don babu toka a tsarin da na rubuta. Ban taɓa yin aiki da kulawa irin ta ranar nan ba.

Watanni uku da suka biyo baya suna cikin mafi daɗin da na yi a duniya. Duk Asabar sai in hau acaɓa daga Gidan Waya, jakata a cinya, in sauka a bakin hanya in taka zuwa gona. Tsiron citta yana fitowa ne kamar tsinken mashi, ya huda ciyawar da aka lulluɓe shi da ita, sannan ya warware ganye ɗaya bayan ɗaya. In ruwa ya ɗauke da hantsi, gonar duka tana ƙamshin wani abu tsakanin ƙasa da yaji. Ni ina sama da rula da littafi, Kaka tana ƙasa a sunkuye.

Na fi kallonta a kan aunawa. Ba ta tafiya a gona kamar mai gona, tana tafiya ne kamar wadda ta shiga ɗakin da jariri ke barci. Da tafin ƙafa take gane inda ruwa ya kwanta. In ta tono tana, sai ta ɗauke ta da yatsa biyu ta mayar ƙarƙashin ciyawa. Wata rana ta ɗaga kai ta dubi tsuntsayen da ke kan atili, ta ce mu tattara, ruwa yana zuwa. Sama fes take. Muna isa gida aka kece. Na tambaye ta me ta gani, ta ce ba ta ga komai ba, sun yi shiru ne. Ba ta taɓa tambayar kanta ko wace ce ita ba, kuma ban taɓa ganin wanda ya san amsar kamarta ba.

"'Yar boko," takan kira ni daga can ƙasa, "yau ya ƙara nawa?"

"Yatsa biyu, Kaka."

"To gaya masa ya yi sauri, malam yana jira."

A tsakiyar watan Agusta na ga ganye ɗaya ya yi rawaya daga baki. Layin kasuwa ne, na huɗu daga hanya. Na rubuta. Mako na gaba uku ne. Na kama ɗaya don in duba, sai karan ya biyo hannuna ba tare da na ja ba, gindinsa ya yi laushi kamar dafaffen rogo, da wani wari mai tsami da har yau in na tuna nake jin shi a maƙogwaro. Mako na uku ya tsallaka zuwa layin Kaka da ke gefensa. Sannan aka yi ruwa kwana huɗu a jere, kuma duk ruwan da ya sauka a gindin atili gangarawa yake yi cikin gonarta.

Shekarar ce cuta ta faɗa wa citta a ƙasarmu. Ba gonar Kaka kaɗai ba. A majami'a ana addu'a a kanta, a kan acaɓa maganarta ake yi, maza manya suna tsayawa a bakin gonakinsu hannu a ka. Wani ya ce taki ne, wani ya ce iska ce ta kawo, wani ya ce zunubi ne. Kowa yana da damar cewa bai san daga ina ta shigo masa ba, ban da ni. Ni ina da littafi. Rana, sa'a, layi, lamba, duk suna nan da kyakkyawan rubutuna. Sau biyu na kama shafin zan yage, na kasa. Ban taɓa yage shafi ba a rayuwata.

Maganar littattafan laburare ta dawo mini da wata fuska. In mutum shi ne abin da ya aikata, to na samu amsar da nake nema. Ba 'yar Ibo ba, ba 'yar Kagoma ba. Ni ce wadda ta kashe abin da mata biyar suka raya.

Kaka ba ta yi kuka ba, ba ta kuma shiga cikin masu neman wanda za a ɗora wa laifi ba. Ta haƙa rami a tsakiyar gona don ta karkatar da ruwa. Duk safiya tana tuge waɗanda suka kamu, ta kai su can kan dutse ta ƙone. Ta zuba toka har murhun maƙwabta ya ƙare. Duk layin da ta ceta yau, jibi ya tafi, washegari kuma ta dawo da fartanyarta kamar ba a yi komai ba. Ranar Lahadi ta ɗaura zanen zumuntar mata ta je sujada, ta yi waƙa da ƙarfi kamar kullum, ba daidai da kowa ba kamar kullum.

Sai a ƙarshen Satumba na iya buɗe baki. Da tsakar rana ne, muna zaune a gindin atili, tana tsince 'yan gutsattsarin da take fatan ba su kamu ba, tana shinshinawa tana jefarwa. Na san ba zan iya faɗa da bakina ba, don haka na buɗe littafin na karanta mata, tun daga ƙarfe tara da minti ashirin. Ban tsallake ko layi ɗaya ba.

Ba ta daina tsincewa ba har na gama.

"Da wuƙa ka yanka?"

"E, Kaka."

"Wuƙa ɗaya?"

"E."

Ta yi tsaki, ba mai ƙarfi ba, irin wanda take yi in akuya ta shiga rumbu.

"Wuƙa ne ban sani ba," ta ce. "Baƙon kam tun ranar da ya fito na gan shi. Ganyensa faɗi, ga girman kai. Kana tsammani ban san fuskar nawa ba?"

Na dube ta. "Kin sani, Kaka? To me ya sa ba ki tuge ba?"

"Sau uku na zo da safe zan tuge. Sai in ga 'yan sandunan nan da ka kafa, kowanne da lambarsa. Na ce in na taɓa, malam zai kayar da shi, yaron nan kuma ba shi da abin da yake so sai littafi." Ta jefar da wani gutsure. "Kai ka shuka, ni na bari. Kuma gonar maƙwabcina ya mutu, shi ba shi da 'yar boko a gidansa. Goge fuskarka, ka riƙe mini kwando."

Shekara sittin tana riƙe da dokar nan, ko don fasto ba ta karya ba. Ta karya ta ne saboda 'yan sandunan da na kafa.

Da aka shiga Nuwamba babu ko gutsure ɗaya mai lafiya a gonar. Na ɗauka magana ta ƙare. Sai wata Asabar na iso na tarar da ita ta yi wanka ta ɗaura ɗankwali, da ƙaramin kwando a hannu. Ta ce tun tana amarya, duk wadda aka aurar a danginmu sai ta sa mata citta a ƙasan kaya, haka ma duk wadda ta yi mata alheri. Yau za mu je mu gaishe su.

Gida shida muka shiga a cikin gari da ƙauyukan gefe. Huɗu cutar ta share su. Ɗaya ta ce ta daɗe da komawa tafin giwa, tana magana tana kallon ƙasa. Ɗaya ta rasu, 'ya'yanta ba su san ma ana maganar me ba. A kowane gida Kaka ta zauna, ta sha ruwa, ta tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta wanke ƙafa kafin mu wuce. Ni ce nake ƙirgawa a raina, ina jin kowane gida kamar an ɗora mini dutse.

Asabar ta gaba muka shiga mota zuwa Kafanchan, don ta tuna ta taɓa aika wa matar Alhaji. Muka same shi a shago, rabin wurin babu kaya. Ya miƙe ya ba ta kujerarsa.

"Mama, wallahi da na san haka za a yi da na sa an kulle ta a akwati. Hajiya ta daka ta a kunu tun bara waccan."

"Ya yi daɗi?"

"Har maƙwabta sun aiko a ƙara."

"To ba a yi asara ba."

Suka yi dariya, ni ban iya ba. Har mun yi sallama mun kai bakin ƙofa sai ya kira ta.

"Mama, surukarki fa? Ta reluwe. Ai lokacin bikin 'yarki kin ba ta. Ni na kai kwandon a bayan kekena, ina tunawa, don ta ba ni wani abinci mai barkono da ya kusa kashe ni."

Kaka ta tsaya cak. Surukar ita ce kakata ta wajen uba, wadda ta rasu ina 'yar shekara tara. Abin da nake tunawa da ita kaɗan ne: hannunta mai warin busasshen kifi, da yadda take kiran sunana da wani sautin da ba wanda ya sake yi. Ban taɓa sanin wani abu ya wuce tsakanin matan nan biyu ba. Ba su da yare ɗaya sai Hausar kasuwa, kuma kowacce tana ganin ɗan ɗayar ne ya ɗauke mata nata.

Muka taka zuwa kwatas, muka tsallaka layin dogon da ciyawa ta cinye. Gidan yana nan, kwanon ya yi tsatsa, wasu mutane ne a ciki. Matar gidan, wata mai goyo, ta saurare mu tana kallon Kaka kamar mai tunanin ko tsufa ne ya taɓa ta. Sannan ta ce akwai dai wata citta a baya, kusa da kwatar banɗaki, sun tarar da ita a nan. In za ta yi farfesu takan tono kaɗan. Ta ɗauka ta daji ce.

Tana nan tsakanin shuwaka da wani tsohon bahon ƙarfe da ya huje, wuri bai fi tabarma ba, a cunkushe, ganyenta kore shar saboda ruwan wanka da ke bi ta gindinta kullum. Fiye da shekara goma ba wanda ya yi mata noma, ba wanda ya lulluɓe ta da ciyawa. Kaka ta tuɓe silifas ɗinta, ta durƙusa a cikin taɓon, ta sa hannu ta tono. Ta goge a zanenta, ta ɓalle a gaɓa, ta shinshina. Ta ɗan ciza, ta daɗe tana taunawa idonta a rufe. Sannan ta miƙo mini sauran.

Na duba ta yadda aka koya mini. Ta fi ta Kaka ƙiba, fatarta ta fi haske. Na ciza. Yajin ya zo, amma a hankali, bai kawo hawaye ba. Akwai ƙamshin da na sani a can ƙasa, akwai kuma wani abu a kansa wanda ban sani ba. Da a littafina ne, ban san a wane layi zan sa ta ba.

Kaka ta roƙi matar gidan, matar ta ce ta ɗauki duk yadda take so. Ba ta ɗauki da yawa ba, ta bar fiye da rabi, ta mayar da ƙasa ta danna da tafin hannu, ta kuma nuna wa matar yadda za ta rufe wurin da ganye in rani ya yi. Muka fito muka zauna a kan wani tsohon ƙarfen dogo a inuwar mangwaro, kwandon yana tsakaninmu. Na daɗe ina tsara tambayar a raina, wannan karon kuma babu wanda zai riga ni.

"Kaka, ba ɗaya ba ce da taki. Na ɗanɗana. To ita ce, ko ba ita ba ce?"

Ta kalle ni ta gefen ido, tana kankare taɓo daga ƙafarta da tsinke.

"Nawa ne," ta ce. "Shekara ashirin yana zaune a gidan Ibo yana shan ruwan wankansu, kana so ya yi magana kamar ni? Na uwata ma ba haka yake ba. A garinsu jar ƙasa ne. Da na kawo shi nan ya canja baki, na yi kuka damina guda, na ce na ɓata kayan uwata. Da uwata ya zo ya ciza, ya ce nasa ne. Wanda ya haifi abu yana gane shi, ko ya je ina ya dawo. Zai yi baƙunci a bayan gida shekara ɗaya, kamar kowa, in ji ko yana tari. In ruwa ya sauka ka zo mu shuka. Ka kawo littafinka, wuƙa ka bar shi a makaranta."